Zuma a fata lokacin hunturu: wace iri, nawa ake shafawa, kuma ina iyakarta?

Maman Ikram, Garwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Hunturu ya kankama a nan Garwa ta Kamaru, fuska ta yi furu-furu, leɓe yana tsagewa, dunduniya ta fara faso. Ga kuma wani haɗi da ake ta turowa a WhatsApp, wai a kwaɓa zuma da ruwan lemun tsami da garin kirfa, a shafa a kwana da shi, ya kashe ƙuraje, ya goge tabo, har fata ta yi haske. Kafin in sa a fuskata ko ta ƙanwata, wadda ƙurajen balaga suka dame ta, shekarunta 17, ina son jin ta bakin waɗanda suka san abin. Nawa ake ɗiba, minti nawa ake bari, sau nawa a mako? Wace zuma ce ta dace, tunda ana cewa ta kasuwa rabinta sukari ne? Sannan in ruwan zafi ko man suya ya ƙona mutum, da gaske zuma ake sawa? Allah ya saka da alheri.

Anti Zara mai dilka, Kusiri

Wa alaikumus salam Maman Ikram. Wancan haɗin ki bar shi a wayar da kika gan shi. Lemun tsami yana cin fata, kuma in ɗan saura ya rage a jiki kika shiga rana irin ta Garwa, wurin yakan yi ja, wani lokaci har ya tashi ya ɗuri ruwa, in ya warke ya bar baƙin tabon da ya fi wanda kike son gogewa, ya yi wata da watanni bai tafi ba. Kirfa kuwa yaji gare ta, cikin 'yan mintoci kumatu za su ɗau zafi su yi jawur. Za a ce miki ai alamar yana aiki ke nan. Ƙuna ce kawai.

Ga yadda ake yi. Da yamma, bayan kin gama shiga rana, ki wanke fuska da ruwan ɗumi da sabulu mai laushi. Sabulun salo ki ɗaga masa ƙafa a wannan lokaci, yana ƙara busar da fata. Kada ki goge ruwan duka, ki bar fuskar da ɗan danshi. Ki ɗebi zuma rabin ƙaramin cokalin shayi, in fuska da wuya ne cokali ɗaya, ki zuba a tafin hannu, ki ɗiga ruwa ɗigo uku ko huɗu, ki murza har ta saki. Sai ki shafa siriri, ki bar faɗin yatsa ɗaya kewaye da ido. Minti 15 zuwa 20 ya isa. Ki ɗauraye da ruwan ɗumi, ki dandanna tawul ba tare da gurzawa ba, nan take kafin fuskar ta bushe ki bi ta da man kaɗanya kwatankwacin ƙwayar wake. Sau biyu ko uku a mako.

Wannan man na ƙarshe shi ne mata da yawa suke tsallakewa, sai su ce zuma ta ƙara busar musu da fuska. Zuma tana jawo danshi ta riƙe a saman fata, amma ba ta da maiƙon da zai rufe shi. Iskar hunturu kuma busasshiya ce, duk abin da ba a rufe ba kwashe shi take yi. Shi ya sa kwana da ita ba ya ƙara komai, sai ƙura ta manne, matashi ya ɓaci, kiyashi su yi miki sallama cikin dare.

In fatar ta bushe sosai har tana ɓarewa, ki haɗa cokali ɗaya na zuma da cokali ɗaya na kindirmo marar sukari, minti 10 zuwa 15. Amma na ranar kawai za ki kwaɓa. Zuma ita kaɗai tana shekara ba ta lalace ba, da zarar ruwa ko nono ya shige ta kuwa, a zafinmu na nan kwana kaɗan take yi ta yi tsami. Haka ma a dilka: bayan an jiƙa ta, ana zuba babban cokali ɗaya a kofi ɗaya daf da shafawa, ba a haɗa kwano guda a ajiye wa amarya na mako ba. Kuma ranar da aka yi halawa ba a bin wurin da dilka ko wani abin gurza, a bar shi kwana ɗaya ko biyu ya huce.

Leɓe akwai tarko. Zuma tana da zaƙi, mutum zai yi ta lasa, yawu kuma shi ne ke ƙara tsaga leɓe. A shafa minti 10, a goge, a sa basilin ko man kaɗanya. Faso kuma, ki jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi minti 10 zuwa 15, ki goge kaushin da dutse a hankali, ki shafa zuma siriri a tsagar, ki rufe da basilin, ki sa safa ki kwana. Nan kam kwana da ita ya halatta, tunda a rufe take.

Kafin ki fara komai, ki gwada ɗigo ɗaya a cikin gwiwar hannu, ki bari rabin sa'a, ki wanke, ki duba wurin washegari. In ya yi ƙaiƙayi ko ya tashi, zuma ba taki ba ce. Maganar haske kuwa, zuma ba ta canza launin kowa. Furu-furun ne yake kwanciya, fata ta yi sheƙi, sai a ce an yi fari.

Baba Hamadu mai amya, Ngaundal

Salamu alaikum. 'Yata, bari in amsa miki ta ɓangaren zumar kanta, don duk abin da Hajiya Zara ta faɗa bai da amfani in abin da ke cikin kwalbar ya mutu.

Zuma mai yawa da ake kaiwa Garwa da Marwa daga nan tudun Adamawa take fitowa, Ngaundal, Tibati, Maiganga da kewayen Ngaundere. Kowa sukari yake tsoro, amma abin da ya fi ɓata zumarmu wuta ce. Amyar gargajiya ta ciyawa a kan bishiya ake rataye ta, da dare ake hawa da bakin wuta a kori ƙudan, toka da hayaƙi su shiga saƙa. Mai gaggawa kuma sai ya haɗa saƙar zuma da saƙar 'ya'ya, mai ƙwai da tsutsa, ya matse su tare. Daga nan a ɗora tukunya a murhu don kaki ya narke ya taso. Zumar da ta bi ta wannan hanya za ki ji ƙaurin hayaƙi da ɗan ɗaci a maƙogwaro. A kunu ba laifi, amma abin da ke cikinta mai kashe ƙwayoyin cuta zafi ya riga ya kashe shi.

Wadda kike nema ita ce aka zaɓi saƙar da ƙudan suka rufe bakinta da kaki, aƙalla kashi uku cikin huɗu a rufe, aka farfasa, aka bar ta ta tsiyaye ta cikin tsaftataccen kyalle ba wuta, aka bar ta ta kwanta kwana biyu ko uku aka kwashe kumfar sama. Saƙar da ba a rufe ba zumarta ba ta nuna ba, ruwa ya yi mata yawa. Ƙa'idar da duniya ke bi ita ce kada ruwa ya wuce kashi 20 cikin 100. In ya wuce, sai ki ga kumfa tana tasowa, murfin gora yana kumbura, wari kamar na tsimi. Wannan kada ta taɓa fuska, balle ciwo.

Gwaje-gwajen kasuwa, na tsoma ashana a kyasta, na ɗigawa a kofin ruwa a ga ko ta nutse, na cewa tururuwa ba ta bin zumar gaskiya, duk ba su kama maƙaryaci. Tururuwa tana bin zuma sarai. Sauran biyun kuma kaurin abin kawai suke nunawa, sukarin da aka dafa ya yi kauri zai ci jarrabawar. Abin da za ki iya yi a gida shi ne sikeli: lita ɗaya ta nunanniyar zuma tana kai kusan kilo 1.4, ban da nauyin kwalba. In ta gaza sosai an tsinka ta da ruwa. Sukari kuwa sai ɗakin gwaji, don haka sanin mai zumar ya fi kowane gwaji. In da hali ki saye ta da saƙarta ki tace da kanki.

Kada ki zubar da zuma don ta daskare ko ta yi tsaki-tsaki. Halinta ne, musamman a sanyin Ngaundere, ba shaidar sukari ba ce. Ki tsoma kwalbar a ruwan ɗumin da hannu zai iya zama a ciki, kada ya wuce digiri 40, za ta saki. Launi ma na furen da ƙudan suka sha ne. Ta dutsen Oku, can yankin Arewa maso Yamma na Kamaru, fara ce mai kauri, har OAPI, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta Afirka, ta yi mata rajistar asali a 2013, tamu ta nan kuma ja ce zuwa baƙa-baƙa, kowacce zuma ce. Wadda dai zan hana ki ita ce ta bakin titi da aka jera a rana tun safe, a gorar da ba a san me ta taɓa ɗauka ba. Rana da zafi suna yi mata abin da murhu yake yi, a hankali. Ki ajiye taki a kwalbar gilashi mai murfi, cikin inuwa, kuma busasshen cokali kawai zai shiga.

Malam Nasiru, ma'aikacin jinya, Marwa

Assalamu alaikum. Anti Zara da Baba sun gama da gyaran jiki da zaɓen zuma, ba ni da gyara. Saura ƙuraje da ƙuna, nan ne ake yin ɓarna.

Da farko dalilin da ya sa zuma take hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Kusan kashi 80 cikin 100 nata sukari ne na halitta, ruwa kashi 17 zuwa 18 kacal, don haka tsotse ruwan jikin ƙwayar cuta take yi. Tana da tsami, tsakanin 3.2 da 4.5 a ma'aunin pH, inda yawancin ƙwayoyin da ke ruɓar da ciwo ba sa jin daɗi. Sannan ƙudan zuma suna zuba mata wani sinadari wanda, in ta haɗu da ruwan ciwo, yake sakin haidurojin feroksaid kaɗan-kaɗan, irin ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi. Wannan sinadarin ne Baba yake cewa wuta da rana suna kashewa. Faɗin Allah a Suratun Nahli cewa akwai waraka ga mutane a cikinta gaskiya ne, amma ayar ba ta ce a shafa ta a kowace cuta ba.

Duk wannan aikin a saman fata yake faruwa ko a buɗaɗɗen ciwo. Ƙurajen balaga kuwa a can cikin ramin gashi suke farawa, maiƙo da matattun ƙwayoyin fata su toshe ƙofar, zuma ba ta kai wa can. An gwada a New Zealand, aka buga sakamakon a 2016: mutum 136 masu ƙurajen fuska, rabi sabulun kashe ƙwayoyin cuta kaɗai, rabi sabulun da zuma, ba a sami hujjar cewa zumar ta ƙara wani abu ba. Ƙanwarki za ta iya yin shafin da Anti ta faɗa don laushin fata, amma ban da man kaɗanya a inda ƙurajen suke in fuskarta mai maiƙo ce. Maganin da ake farawa da shi shi ne benzoyil feroksaid mai ƙarfin kashi 2.5 ko 5, ana samu a kantin magani. Siriri da dare, a fara da tsallake dare ɗaya don yana busarwa, a yi haƙuri mako 6 zuwa 8 kafin a yanke hukunci. Yana cinye launin tufafi, ta sa tsohuwar rigar matashi. Ta daina matsewa, matsa ce ke haifar da tabon. In ƙurajen manya ne masu zurfi da zafi, asibiti.

Wani abu kuma, Maman Ikram, ki duba man da take shafawa. Man bilicin da yawa suna ɗauke da kilobetazol ko betametazon, magungunan kumburin fata masu ƙarfi, su kansu suna fito da ƙuraje, su sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana. A watan Agusta na 2022 ma'aikatar lafiya ta Kamaru ta haramta shigowa da sayar da kayan shafa masu haidurokinon da makuri, amma har yanzu suna nan a kasuwa. Fatar da irin wannan mai ya cinye, ko zuma zalla tana iya yi mata raɗaɗi.

Ƙuna. Abin farko ba zuma ba ne, ruwa ne. A sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi na famfo ko randa minti 20 cur, a cire zobe da awarwaro kafin kumburi. Ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja ko toka. In ya ɗuri ruwa kada a fasa. Bayan haka a duba. In ƙunar ta fi tafin hannun wanda ya ƙone girma, ko tana fuska, hannu, gaɓa ko al'aura, ko wurin ya yi fari ko baƙi kuma ba ya zafi, ko ƙaramin yaro ne, a rufe da tsaftataccen kyalle a tafi asibiti, kada a shafa komai, don likita ya ga zurfinta.

Ƙaramar ƙuna ta sama-sama ita ce zuma take da hujja a kai. Bitar da ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken likitanci, ta yi a 2015 ta nuna irin wannan ƙuna tana warkewa da zuma kwana 4 zuwa 5 kafin wadda aka yi wa ɗaurin da aka saba. Sai dai zumar asibiti daban take da ta kasuwa, ana haska ta da hasken gama don kashe ƙwayoyin da ke ɓuya a ciki, shi ya sa ta gida ba ta shiga ciwo mai zurfi. In ƙaramar ce kuma zumar irin wadda Baba ya siffanta ce, ga yadda ake ɗauri. A wanke hannu. A wanke wurin da ruwan gishiri, lita 1 na tafasasshen ruwa da ya huce da gishiri giram 9, wato ƙaramin cokali ɗaya da rabi. A shafa zumar a jikin kompires, wato kyallen ɗaurin ciwo na asibiti, ba a kan ciwon kai tsaye ba, don kada ta zurare: kusan mililita 20, ƙananan cokula huɗu, ga kompires mai santimita 10 kowane gefe. A ɗora, a rufe da busasshen kompires, a naɗe da bandeji ba matsewa. A canza kullum, in ya jiƙe sau biyu a rana, domin ruwan ciwo yana tsinka zumar ta rasa ƙarfi, kuma kompires ɗin da ya bushe yana manne wa sabuwar fata ya ɗaye ta. In ya manne a jiƙa shi da ruwan gishirin kafin a ja. Ɗan raɗaɗi na mintocin farko ba komai. Ja yana faɗaɗa, mugunya, wari, zazzaɓi, ko mako biyu bai rufe ba, a daina a tafi asibiti, a kuma tambayi allurar tetanus.

Gyambon da ya daɗe ba na gwajin gida ba ne. A 1988 wani likitan fiɗa a Kalaba, Spencer Efem, ya sa zuma a ciwuka 59 da suka ƙi jin magani, 58 suka yi sauƙi. Ɗayan da ya ƙi, gyambon Buruli ne, cutar da muke da ita a ƙasar nan, har a Bankim cikin Adamawa, kuma maganinta ƙwayoyi ne na mako 8. Mai ciwon sukari ma, ko faso ne ya buɗe a ƙafarsa, kada ya tsaya jiƙawa da shafe-shafe, ya kawo a duba.

Maman Ikram, Garwa

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Malam Nasiru, saura biyu. Amosanin kai fa, zuma tana yi? Sannan jaririya 'yar wata biyar da sanyi ya busar mata da kumatu da leɓe, a ɗan shafa mata?

Malam Nasiru, ma'aikacin jinya, Marwa

Jaririyar tukuna: a'a. Yaron da bai cika wata 12 ba zuma ba ta zuwa kusa da bakinsa, ko ta lasawa ce ranar haihuwa, ko a ruwan rubutu, ko a leɓe da kumatu inda harshe da yatsa za su kai. Mai shayarwa ma kada ta shafa a tsagewar kan nono. Zuma, ko mafi kyawunta, tana iya ɗaukar ƙwayar botulizim, wadda hanjin babba yake fin ƙarfinta amma a na jariri take tsirowa ta saki guba. Tafasawar gida ba ta kashe ta. Alamunta su ne rashin bayan gida, tsotso ya yi rauni, kuka ya yi ƙasa, wuya ya saki. A cibiya ma ba a sawa. Kumatunta basilin marar turare ko man kaɗanya zalla ya wadatar, bayan wanka, kuma a rage zafin ruwan wankan da yawan sabulu.

Amosani akwai ɗan abin kamawa. Wani likita mai suna Al-Waili ya buga gwaji a 2001 a kan mutum 30: zuma kashi tara, ruwan ɗumi kashi ɗaya, a murza a fatar kai minti 2 zuwa 3, a bari sa'a uku, a wanke, ana tsallake rana ɗaya, har mako huɗu. Ƙaiƙayi da ɓarewar sun lafa. Amma mutanen kaɗan ne, don haka ban ɗora ta sama da sabulun wanke kai mai ketokonazol kashi 2 ba, wanda ake bari minti 3 zuwa 5 a kai, sau biyu a mako, mako 2 zuwa 4. In kuma a kan yaro ne, gashi yana zubewa a zagaye, wannan yawanci makero ne, maganin sha ake ba shi na makonni, shafawa ba ta isa.

Anti Zara mai dilka, Kusiri

Malam Nasiru, wannan na tsallake rana ɗaya sai dai maza masu aski. Mace mai kitso ba za ta iya ba, zumar za ta maƙale a gindin kitson, ƙura ta hau, ga jiƙaƙƙen kai a ƙarƙashin ɗankwali cikin sanyi. Maman Ikram, in za ki gwada, ki bari sai ranar tsifa. Ki raba gashin gida huɗu, babban cokali uku na zuma da ƙaramin cokali ɗaya na ruwan ɗumi, ki bi tsaga-tsaga da yatsa a fatar kan, ba a gashin ba. Ki rufe da leda, ki yi da hantsi don ki wanke kafin la'asar, ruwan ɗumi sau biyu kafin sabulu. Kuma sai kan ya bushe ƙarau a kai wa mai kitso.